GIZO-GIZO MAI KARAMMISKI: ABIN DA SABON MAI KIWO YA KAMATA YA SANI

Bahaushe ya san kiwon tattabaru, ya san na zomo da aku da kanari, har ma ya saba ganin gardawa masu wasa da kura da maciji a bakin kasuwa. Amma in aka ce masa ga wani mutum ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya sayi gizo-gizo, ya yi masa ɗaki, yana ci da shi, sai ya ce ai wannan tatsuniya ce, don a can ne kaɗai ya san Gizo da gida da mata, watau Ƙoƙi.

To, maganar gaskiya ce. A ƙasashen Turai da Amurka da waɗansu sassan Asiya akwai mutane masu yawa da su ka ɗauki kiwon gizo-gizo abin sha'awa, su na da ƙungiyoyinsu da ranakun baje koli inda a ke saye da sayarwa. Da can manyan nan masu gashi da a ke kira tarantula su ne a gaba. A 'yan shekarun nan kuwa wani ɗan ƙarami ya shigo kasuwa, mai jiki luf-luf kamar an lulluɓe shi da karammiski, da faffaɗan kai, da gajerun ƙafafu masu kauri. Saboda wannan laushin gashi nasa ne Turawa su ke ce masa gizo-gizo mai karammiski.

Abin da ya sa masu fara kiwo ke ruguwa wajensa shi ne ba ya cin wuri, ba ya wari, ba ya ƙara, abincinsa kuwa bai taka kara ya karya ba. Ga wanda ke zaune a ɗaki ɗaya a Ikko ko Badun ko Fatakwal, inda ko kaza babu wurin ɗaure ta, wannan abin dubawa ne. Sai dai kuma rai ne, ya kan mutu nan da nan a hannun wanda bai san halinsa ba, kuma yanayin kurmi, kamar yadda za a gani a gaba, ba irin wanda ya ke so ba ne.

WANE NE SHI?

Da farko dai gizo-gizo ba ɗan gidan su ƙuda da fara ba ne. Su waɗannan ƙafafunsu shida ne, jikinsu kashi uku, da yawansu kuma su na da fukafukai. Shi kuwa ƙafafunsa takwas, jikinsa kashi biyu, watau kai da ƙirji a haɗe, sa'an nan ciki, kuma ba shi da fiffike. Ba ya tauna abinci. Ya kan cije abin da ya kama, ya zuba masa dafi da ruwan da ke narkar da nama, kana ya tsotse, ya bar ƙwanso.

Masana su na kiran dangin masu karammiski da sunan Eresidae, sunan da wani Bajamushe mai suna Koch ya raɗa musu a 1845. An san iri kamar 100 daga cikinsu, an kuwa kasa su gida tara. Galibinsu a Afirka su ke, da kudancin Turai, da Gabas ta Tsakiya har zuwa Indiya, watau wurare masu ƙarancin ruwan sama, da rairayi da duwatsu da itatuwan ƙaya. A 2012 wani masani mai suna Jeremy Miller tare da abokan aikinsa su ka fitar da wani babban nazari mai hotuna wanda ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, shi ne kuma har yau masu bincike ke dogara da shi.

Wani abin da ya bambanta su da gizo-gizon da ke saƙa a kusurwar ɗaki shi ne irin zarensu. Yawancin masu saƙar da'ira su kan shafa wa zarensu wani abu mai danƙo don ya riƙe ƙwaro. Mai karammiski ba ya amfani da danƙo. A ƙarshen cikinsa akwai wani ɗan faifai mai ƙananan ƙofofi dubbai, daga nan siraran zaruruwa ke fitowa, shi kuwa ya bi su da wani jerin gashi mai kama da mataji da ke ƙafarsa ta baya, ya tsefe su har su zama kamar audugar da aka shiɓe. Ƙwaron da ya taka wannan saƙa sai ƙayoyin ƙafarsa su sarƙe, ya kasa fita. Ya kamata mai kiwo ya riƙe wannan da kyau, domin irin wannan saƙa ta na cin ƙarfin mai ita ƙwarai, rushe masa ita kuwa tamkar rushe wa mutum gida da rumbu ne a rana ɗaya.

IRE-IREN DA A KE KIWO

Waɗanda su ka fi suna su ne 'yan gidan Eresus, na Turai da arewacin Afirka da Asiya. Matansu baƙaƙe ne wuluk, masu ƙiba, su kan haƙa rami a ƙasa ko su shiga ƙarƙashin dutse, su shimfiɗa masa zare, su yi rumfa a bakinsa, su zauna nan kusan duk tsawon ransu su na jiran abin da zai gitta. Mazan kuwa ƙanana ne, amma in sun balaga sai bayansu ya koma ja jawur da manyan ɗigo baƙaƙe guda huɗu, ƙafafunsu da zobba farare. Wanda a ke yawan sayarwa shi ne Eresus walckenaeri na ƙasar Girka da Italiya da Turkiyya, wanda macensa ta kan kai santimita 3 ko fiye, ban da ƙafafu.

Na biyu su ne 'yan gidan Gandanameno, na kudanci da gabashin Afirka. Su sun fi son tsagar itace da ƙarƙashin ɓawo da ramin bango. Launinsu ƙasa-ƙasa ne ko toka-toka, su na da haƙuri, ba su cika gudu ba, su na kuma jure wa kuskuren mai kiwo fiye da sauran. Saboda haka ne tsofaffin hannu su ke ba sabon shiga shawara ya fara da su.

Na uku 'yan gidan Stegodyphus ne, masu gina sheƙa a bisa rassan ƙaya da ciyayi masu tauri. Akwai su daga ƙasashen da ke gefen Bahar Rum har Indiya, akwai su kuma a sassa da yawa na Afirka, har da yankin Sahel na Afirka ta Yamma. A cikinsu ne a ke samun abin da ba a saba gani ba wajen gizo-gizo, watau zaman gayya. Iri uku, biyu na Afirka, dumicola da mimosarum, da ɗaya na Indiya, sarasinorum, su kan zauna ɗaruruwa a sheƙa guda, su yi saƙa tare, su taru su kashe abin da ya faɗa, su ci tare, su kuma yi renon 'ya'yan juna. Mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba a irin wannan gari. Masu kiwo na sha'awarsu, amma riƙonsu sai wanda ya ƙware.

Akwai kuma waɗanda ba a cika gani a kasuwa ba, amma labarinsu na da daɗin ji. 'Yan gidan Seothyra na hamadar Namib da Kalahari su na saƙa a bisa rairayi, saƙar ta fito kamar sawun kofaton barewa. Gidan Loureedia kuwa an sa masa suna ne a 2012 don karrama mawaƙin nan na Amurka Lou Reed, a 2020 kuma aka gano wani irinsa a Iran mai zanen ja da fari, aka sa masa sunan ɗan wasan fim Joaquin Phoenix.

UWA MAI BA DA RANTA

Babu abin da ya fi jawo hankalin masana ga wannan dangi kamar yadda uwa ke renon 'ya'yanta. An fi nazarin abin a jikin Stegodyphus lineatus, wanda a ke samu da yawa a hamadar Negev ta Isra'ila. Macen ta kan yi ƙwai kamar 80 a cikin wata 'yar jaka ta zare, ta tsare ta kusan wata guda, sa'an nan ta buɗe da kanta domin 'ya'yan ba za su iya fitowa su kaɗai ba. Daga ranar nan ta daina cin abinci. Kayan cikinta su kan fara narkewa a hankali, ta riƙa amayo wani ruwa a bakinta, 'ya'yan su taru su sha. Bayan kamar mako biyu, sai su hau jikinta su tsotse abin da ya rage, ta mutu, a bar fanko kawai.

Wani bincike da wata masaniya mai suna Mor Salomon ta jagoranta, wanda ya fito a 2015, ya nuna cewa kusan kashi 95 cikin 100 na nauyin jikin uwar ya na ƙarewa ne a cikin 'ya'yanta. Wajen masu zaman gayya kuwa, har matan da ba su taɓa yin ƙwai ba su kan shayar da 'ya'yan 'yan'uwansu, su ma a cinye su a ƙarshe.

Wannan labari ya shafi mai kiwo kai tsaye. Duk wanda ya haɗa macensa da namiji don ya sami 'ya'ya, to, ya sani ya yi ban kwana da ita ke nan, kuma zai wayi gari da 'ya'ya masu yawa ƙanana kamar ƙwayar gero, kowanne na bukatar abinci da wuri. Sabon shiga ya bar zancen hayayyafa tukuna, sai ya shekara ya na riƙe da guda ɗaya lafiya.

MACE KO NAMIJI?

A nan ne yawancin masu farawa ke asarar kuɗinsu. Mutum ya ga hoton jan nan mai ɗigo huɗu, ya ce shi ya ke so, bai san cewa wannan kwalliya ta ƙarshen rai ba ce. Namiji ba ya samun launin nan sai a saɓarsa ta ƙarshe. Da ya balaga sai ya bar raminsa ya shiga yawon neman mace, ba ya cin abin kirki, kuma cikin 'yan makonni ko 'yan watanni ya mutu. Wanda ya sayi jan namiji ya sayi tsoho ne da rigar ango.

Mace ce mai nisan kwana. A gidan Eresus da Gandanameno ta kan yi shekaru, waɗansu har huɗu ko biyar, ko da ya ke girmansu a hankali ya ke tafiya. Shi kuwa Stegodyphus lineatus shekara ɗaya ce kusan duk rayuwarsa, komai kyan kulawa. Don haka mai saye ya tambayi sunan irin, ya tambayi shekarunsa, ya kuma tambaya ko mace ce. Ana gane balagaggen namiji da waɗansu 'yan gaɓoɓi biyu da ke gefen bakinsa, waɗanda kansu ya kan kumbura kamar hannun ɗan dambe da aka ɗaure. Ƙanana kuwa ba a iya bambanta su da ido, saboda haka wanda ya sayi jariri sai ya jira abin da rabo ya ba shi.

Lafiyayyen gizo-gizo cikinsa a cike ya ke, ba a yamutse ba, ƙafafunsa a miƙe, in an taɓa saƙarsa ya motsa. Wanda ya naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashin jikinsa ya na bakin mutuwa ne, kada a saya.

GIDAN DA YA DACE

Ba a bukatar babban akwati. Babbar mace ta kan wadatu da kwalin gilashi ko na roba mai haske wanda kowane gefensa ya kai santimita 10 zuwa 15. Ƙanana kuwa a kan sa su a 'yar kwalba, a riƙa sauya musu yayin da su ke girma. In wuri ya yi yawa, abinci ya kan ɓace wa mai shi, tun da ba farauta ya ke fita ba, a gida ya ke jira.

Abu mafi muhimmanci shi ne iska. A huda ƙananan ƙofofi da yawa a murfi da kuma gefe biyu masu fuskantar juna, don iska ta riƙa ratsawa, amma kada ƙofa ta kai girman kan gizo-gizon, domin inda kansa ya shiga jikinsa ma zai bi. A ƙasa a zuba busasshiyar ƙasa gauraye da yashi, wadda ba a taɓa zuba wa taki ko maganin ƙwari ba. Ga mai haƙa rami, zurfinta ya kai santimita 5 zuwa 8. A ɗora ɓawon itace busasshe, da 'yan ƙirare, da busasshiyar ciyawa, don ya sami inda zai kama zarensa. Ga Gandanameno a jingina ɓawo biyu su bar tsaga a tsakani. Ga Stegodyphus kuwa a nemi kwali mai ɗan tsawo a kafa rassa a tsaye.

Zafin ɗaki na yau da kullum, watau digiri 20 zuwa 28, ya ishe shi. Kada a ajiye kwalin inda rana ke dukansa, domin gilashi ya kan tara zafi ya dafa abin da ke ciki cikin ɗan lokaci. Bayan an sa shi a sabon gida, a ƙyale shi kwana huɗu ko mako guda ya yi saƙa kafin a ba shi abinci. Kuma kowanne da kwalinsa, ban da masu zaman gayyan nan. In aka haɗa biyu, za a wayi gari da ɗaya.

MATSALAR KURMI

Mai karatu da ke zaune a kudu ya lura da wannan sashe ƙwarai. Wannan halitta 'yar busasshiyar ƙasa ce, abin da ya fi kashe ta a hannun masu kiwo kuwa shi ne laima. A Ikko da Fatakwal da Kalaba, damshin iska da damina ya kan wuce kashi 80 cikin 100, wanda kowa ya san shi a jikin takalminsa da buhun hatsinsa. A cikin rufaffen kwali abin ya fi haka muni. Ƙasa ta kan yi fumfuna, ragowar abinci ta ruɓe, ƙananan ƙwari su yi yawa, shi kuwa gizo-gizon, wanda ke numfashi ta waɗansu ƙofofi a ƙarƙashin cikinsa, ya yi sanyi ya mutu.

Maganin abin shi ne a ƙara yawan ƙofofin iska fiye da yadda mai kiwo a Turai zai yi, a ajiye kwalin a wuri mai tsawo inda iska ke kaɗawa, nesa da randa da wurin wanka da madafa. In aka ga gilashi ya yi gumi daga ciki, ko ƙasa ta yi duhu, to, laima ta yi yawa. Lokacin hunturu kuwa shi ne ya fi yi masa daɗi.

Abokan gaba biyu kuma na nan a kowane ɗakin haya. Na farko kiyashi da cinnaka, waɗanda su kan bi warin abinci su shiga ta ƙofofin iska, su taru su kashe mai gida, musamman lokacin da ya ke saɓa. A kan kare wannan da ɗora kwalin bisa wani ɗan dandamali da ke tsaye a tsakiyar faranti mai ruwa kaɗan, yadda ruwan bai taɓa kwalin ba, ko a shafa man shafawa mai kauri a ƙafafun teburin. Na biyu maganin sauro, na fesawa da na hayaƙi. Abin da ke kashe sauro ya na kashe gizo-gizo. Iyali kuwa ba za su kwana sauro na cizonsu saboda ɗan gizo-gizo ba, tun da zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa ba ne. Wanda ba shi da wani ɗakin da zai kai kwalin duk lokacin da za a yi feshi, gara ya haƙura da kiwon nan tun da wuri.

CI DA SHA

Abincinsa ƙwari ne masu rai. Babba ya kan ci gyare, da ƙananan kyankyasai, da ƙuda, da 'yar fara. Jarirai kuwa sai ƙananan ƙudajen nan da ke taruwa bisa ayaba ko mangwaron da ya nuna ya wuce. Ƙa'idar ita ce kada abincin ya fi cikin gizo-gizon girma. A ɗauke shi da matsefata a ajiye a bakin saƙa, motsinsa ne zai kira mai gida. Babba sau ɗaya a mako ko kwana goma ya ishe shi, ƙarami kuwa sau biyu a mako. In ciki ya yi tim kamar zai fashe, a dakata, don ƙiba ma ta na da haɗari.

Masu kiwo a Turai su na sayen ƙwarin da aka haifa a gida ne, don gudun guba. Kyankyason da aka kama a ɗakin da a ke feshi, ko farar da aka kamo a gonar da aka zuba wa magani, na iya zama ajalinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya riƙe 'yan gyare ko kyankyasai a wani bokiti mai murfi, ya na ba su dusa da ɓawon kayan lambu. Abin da bai ci ba bayan kwana ɗaya a cire shi, haka kuma ƙwanson da ya jefar.

Game da ruwa, yawancinsa daga jikin abinci ya ke samu, don haka ba lalle ne a sa masa kwanon ruwa ba. Sau ɗaya a mako biyu a kan ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu a gefen saƙa, ya sha in ya so, ya bushe kafin gari ya waye. In aka ga cikinsa ya fara yamutsewa, alamar ƙishirwa ce, sai a ɗiga masa kusa da bakin rami.

LOKACIN SAƁA

Fatar gizo-gizo ba ta miƙewa, saboda haka in zai girma sai ya yi saɓa kamar maciji. Kafin lokacin ya kan ƙi abinci, wani lokaci har makonni, ya toshe bakin raminsa da zare, ya ɓace daga gani. Nan ne sabon mai kiwo ke ruɗewa, ya ɗauka ya mutu, ya sa tsinke ya buɗe ramin, ya yi kisan kai da hannunsa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Abin yi kawai shi ne a cire duk wani ƙwaro mai rai daga kwalin, domin gyare na iya cin gizo-gizon da jikinsa bai yi ƙwari ba, sa'an nan a ƙyale shi. Bayan an ga tsohuwar fata a waje, a ƙara jira kamar mako guda haƙoransa su yi ƙarfi kafin a koma ba shi abinci.

CIZO DA TAƁAWA

Kusan kowane gizo-gizo na da dafi, wannan ma haka. Sai dai ba ya cikin waɗanda likitoci ke lissafawa masu haɗari ga ran mutum, kuma ba ya cizo sai an matse shi. An sami rahoton cewa cizon babbar macen Eresus na da zafi, waɗansu ma sun yi fama da ciwon kai da zazzaɓi na ɗan lokaci. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu, in kuwa ya ga kumburi na ƙaruwa ko numfashi na yi masa wuya, ya tafi asibiti ba tare da jinkiri ba. A ajiye kwalin inda hannun yara ba ya kai.

Shi kansa gizo-gizon ya fi shiga haɗari in an ɗauke shi. Cikinsa taushi gare shi, in ya faɗo daga tafin hannu zuwa siminti sai ya fashe, ba kuwa magani. Ba ya sanin mai shi kamar kare ko aku, ba ya kuma jin daɗin shafa. In ya zama dole a sauya masa gida, a kora shi a hankali da burushi mai laushi zuwa cikin kofi, a yi aikin a ƙasa, a kuma kwashi wani ɓangaren tsohuwar saƙarsa a sa a sabon wurin.

DAGA INA YA FITO?

Akwai tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi, watau daga ina mai sayarwa ya samo shi. Wani nazari da aka buga a 2022 ya gano cewa ana cinikin fiye da iri 1,200 na gizo-gizo da kunama da danginsu a duniya, kuma kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda aka shigar Amurka daga daji aka kamo su. Yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975 don tsare cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta kare waɗansu irin tarantula, amma ƙananan iri da yawa babu mai ƙidaya su. Ga halittar da ke ɗaukar shekaru kafin ta balaga, ta kuma yi haihuwa sau ɗaya tak, kwashe manyan mata daga wuri guda na iya share zuriyar wurin.

Ƙasar Ingila ta ga misalin yadda abin ke da saurin ɓacewa. Can akwai Eresus sandaliatus, wanda aka daina ganinsa tun 1906, aka ɗauka ya ƙare, saboda an mai da filayen da ya ke zaune gonaki da gandun itatuwa da gidaje. Sai a wajen 1980 aka sake cin karo da shi a wani ɗan fili a yankin Dorset. Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta kama shi ko sayar da shi, amma duk da haka a farkon shekarun 1990 abin da ya rage bai fi kimanin 50 ba. Masana su ka shiga gyara filin, su na sare itatuwan da ke rufe shi, su na ɗaukar waɗansu su kai sababbin wurare. A 2011 an saki waɗansu a gandun Arne, kowanne cikin gorar ruwa ta roba da aka yanke aka cika da ganye da gansakuka, aka binne a ƙasa. An yi shekaru da dama ana wannan aiki kafin yawansu ya farfaɗo.

Saboda haka mai niyyar kiwo ya nemi wanda aka haifa a hannun masu kiwo, ya kuma guji duk mai sayarwar da ya kasa faɗin asalin kayansa. Shigo da dabba mai rai daga wata ƙasa kuwa ya na da doka. A Nijeriya hukumar killace dabbobi da tsirrai, NAQS, ita ce ke da hurumin wannan, sai a tuntuɓe ta kafin a yi odar komai. Wanda kuma ya gaji da nasa kada ya sake shi a bayan gida, ya nemi wani mai sha'awa ya ba shi.

Wanda ya ga ba zai iya cika sharuɗɗan nan ba, bai yi asarar komai ba. In ya je gida arewa da kaka, ya duba rassan ƙaya da ke gefen gona, watakila ya ci karo da wata dunƙulalliyar sheƙa ta zare mai launin toka, da ƙwanson ƙwari maƙale a jikinta. Ya tsaya ya kalla, ya bar ta inda ya gan ta, domin mai ita na rage wa manomi ƙwarin da ke cin amfaninsa. Wanda kuwa ya ƙudurta sai ya yi kiwon, to, ya fara da mace ɗaya ta gidan Gandanameno, ya ba ta busasshen wuri mai iska, ya rage buɗe murfi, ya kuma yi haƙuri da ita.